Tsatsa a Jinin Guduma

Zuwa ga 'Yar Gwaggo, malamar ɓeraye,

Ina gaishe ki da kyau, ke da ɓerayen da aka ce kina kiwo a ɗakin bincike. Mu nan lafiya lau. Maman 'yan biyu tana gaishe ki. 'Yan biyun sun shiga makaranta, kusan kullum sai an kawo ƙarar ɗaya ta mari ɗan wani, ni dai ban san inda suka gado ba. Na leƙa Gwaggo makon jiya, ƙafar ce dai ke damunta, amma bakin yana nan yadda kika bar shi.

Albishirinki, na kayar da Mai Hagu a dambenmu. A turmin farko ya fasa min gira, jini ya rufe min ido ɗaya, sai ja nake ganinsa. Na ce to, yau ko ni ko kai. A turmi na uku na same shi a ƙasan haƙarƙari, na ji iska ta fice masa ta baki, yana sunkuyowa na ɗora masa ta dama a muƙamuƙi. Robar bakinsa ta yi tsalle ta faɗa cinyar wani ɗan kallo da haƙori a cikinta. Alƙalin wasa bai ma wahalar da kansa da ƙirga ba. Jama'a na ta ihun Guduma, Guduma, ni kuwa ina neman inda zan tofar da jinin da ya cika min baki. Yanzu saura mai riƙe da kambu, an sa mana rana bayan damina.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kocinmu ya ce ƙarfin ɗan dambe a jini yake, ƙarfin jini kuma ƙarfe ne. Na yi dariya na ce wane ƙarfe, na ƙusa? Ya ce in tambayi 'yar'uwata mai boko. Gwaggo kuma ta ce aikinki ke nan dare da rana, bin ƙarfe a cikin jini. To ki yi min bayani da Hausar da ɗan dambe zai gane, kada ki cika min takarda da zane.

Naki,
Ɗan Kawu, Guduma


Zuwa ga Ɗan Kawu,

Saƙonka ya same ni lafiya. Ka gaishe min da Maman 'yan biyu, ka ce mata ina taya ta haƙuri da zama da mahaukata uku. Barka da nasara, ko da yake na karanta zancen haƙorin nan ina cin abinci, Allah ya isa tsakanina da kai.

Kocinku bai yi ƙarya ba, akwai ƙarfe a jininka, ɗan kaɗan, kuma shi ke riƙe iskar da kake shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Amma ƙarfe mugu ne, jiki ba ya barinsa ya yi yawo shi kaɗai. Akwai wani sinadari a cikin jini, mu muna ce masa tiransifarin, kai ka ce masa ɗan dako. Kowane ɗan dako ƙarfe biyu yake ɗauka, ɗaya a kowace kafaɗa, ya riƙe su gam.

Jikinka kuma an gina shi da 'yan ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. A bangon kowace ƙwaya akwai ƙugiyoyi da ba sa kama kowa sai ɗan dakon da ke ɗauke da kaya. Da ya zo wucewa sai ƙugiya ta cafke shi, bangon ya lotsa ciki, ƙwayar ta haɗiye su duka a cikin wata 'yar jaka. Daga nan ta zuba tsami a jakar har ɗan dakon ya saki kayan dole. Ta kwashe ƙarfenta, ta turo shi waje hannu rabbana, ya koma neman wani kayan. Wannan ƙugiyar ita ce aikina, shekara da shekaru ina kallonta, har mafarkinta nake yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wayon ƙwayar. In tana jin yunwar ƙarfe sai ta fito da ƙugiyoyi da yawa. In ta ƙoshi sai ta janye su, ɗan dako ya yi ta zagaye ba mai kula shi. Ita ke ɗibar abin da take buƙata, ba a yi mata ɗura. Ka ga ta fi wasu 'yan dambe hankali.

An tura ni wani ɗakin bincike a wani gari na 'yan watanni, saboda na'urarmu ta lalace. In ka rubuto ka ji shiru, takardar tana jirana ne a ofis. Ka kula da sauran haƙoranka.

Taka,
'Yar Gwaggo


Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Da fatan kin sauka lafiya. Gida lafiya, sai tari da ya zagaye yara ya wuce.

Wallahi kin fitar da ni kunya. Na kai wa Koci takardarki, ya tara yara duka a ɗakin horo ya karanta musu da ƙarfi, sannan ya manna ta a bango kusa da buhun naushi. Wurin da kika ce ƙwaya ita ke ɗibar abin da take buƙata ba a yi mata ɗura, ya ja masa layi da jan biro. Ya ce kun ji daga bakin masana, allurar nan ba ta da illa, in ta yi yawa jiki ya bar ta.

Na manta ban gaya miki ba. Tun ina sabon shiga Koci yake yi mana allurar ƙarin jini, wata baƙa-baƙa a 'yan kwalabe. A wajenmu duk wanda ya ce ya gaji, to jini ne ya yi ƙasa, sai allura. Ni kuma kwanakin nan gajiya ta yi min yawa, ina tashi da safe kamar an kwana ana dukana. Da can ina ɗan ɗari-ɗari da ita, amma tunda kin wanke ta na ce ya ninka min, har da ƙwayoyin sha.

Ƙarfin bai dawo ba tukuna, sai dai zafin rai. Shekaranjiya wani sabon yaro da muke gwaji da shi ya taɓa min hanci, ban san lokacin da na matse shi a kusurwa ba. Na yi ta zuba masa a ciki har ya durƙusa yana amai, sai da mutum biyu suka riƙe ni. An ce haƙarƙarinsa biyu sun tsage. Na ji kunya, amma Koci ya dafa ni ya ce haka yake son ganina.

Gaɓoɓin yatsuna biyu na farko suna ciwo, sun kumbura, ko gaisawa aka yi da ni sai na cije baki. Wannan kam ladan sana'a ne. Maman 'yan biyu ta ce na yi duhu kamar toka, na ce mata tun da can ba fari ta aura ba.

Naki,
Guduma


'Yar Gwaggo,

Lafiya dai? Wata ya wuce, wani ya bi shi, ko layi ɗaya. Ko ɓerayen sun cinye ki ne?

Na faɗi a ɗakin horo. Ina cikin tsallen igiya sai zuciyata ta kama fizge-fizge kamar an yanka kaza an sake ta, na farka da ruwa a fuska. Koci ya ce jini ne, ya ƙara min allura nan take.

A gida kuma ba zaman lafiya. Maman 'yan biyu ta kwashe ƙwayoyina ta zuba a masai. Na yi kanta, na ɗaga hannu, sai na ga yara a bakin ƙofa suna kallona. Ƙyauren banɗaki na nausa, ya ɓalle daga ƙofar, katako ya yaga min bayan hannu. Tun ranar ba ta yi min magana sai ta bakin yara. Ki rubuto mata da kanki ki gaya mata abin da kika gaya min, ko ta bar ni in yi shirin wasana.

Guduma


Ɗan Kawu,

Gaisuwa a taƙaice. Yau na dawo na tarar da takardunka biyu a tebur, na karanta su a tsaye.

Kai wane irin mutum ne? Ka tambaye ni yadda ƙarfe ke shiga jiki, ka ɓoye min cewa shekara da shekaru ana ɗura maka shi da allura! Na ba ka rabin labari don nishaɗi, ku kuka manna shi a bango kuka mai da shi lasisi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka cire takardar nan yau, kuma daga yau ko ƙwaya ɗaya kada ta sake shiga bakinka.

Ga sauran rabin, ka buɗe kunne. Gaskiya ne ƙwayar da ta ƙoshi tana janye ƙugiyoyinta. To ƙarfen da aka ƙi karɓa ina ka ga ya tafi? Ba ya fita ta fitsari, gumi ma ba ya fitar da abin kirki. Jiki ya iya shigar da ƙarfe, bai iya korarsa ba. 'Yan dakon nan kuma suna da iyaka. A jikin mai lafiya kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kafaɗunsu ke ɗauke da kaya. In aka yi ta turo ƙarfe har kowace kafaɗa ta cika, ragowar sai ya yi yawo tsirara a cikin jini. Shi wannan ba ya jiran ƙugiya. Ta wasu ƙofofin yake kutsawa, waɗanda ba a yi su dominsa ba, kuma ba sa rufuwa don an ƙoshi. Yana shiga hanta, yana shiga gaɓoɓi, yana shiga naman zuciya, ya zauna ya yi ta ƙona su daga ciki kamar tsatsa a bututu. Na buɗe ɓerayen da muka yi wa haka da hannuna, na ga hantarsu ta koma kalar bulo.

Gajiyar nan, da yatsun nan biyu, da duhun fata, da zuciyar da ke fizga, kai ka ɗauka dambe ne. Ni kuwa Kawu na tuna. Ka manta yadda mahaifinka ya ƙare? Ya yi duhu, ciwon suga ya kama shi, cikinsa ya kumbura, aka ce hanta ce. Akwai gidajen da hanjinsu ke zuƙar ƙarfe fiye da kima tun haihuwa, kuma ina tsoron namu yana ciki. In haka ne, Kocinka fetur yake zuba wa gobara.

Ni ba likita ba ce, ban kuma auna ka ba. Ka je asibiti gobe, ka ce a duba yadda 'yan dakon jininka suka cika, da yawan ƙarfen da ke ajiye, a kuma duba zuciya. In abin da nake zato ne, maganinsa a riƙa ɗibar maka jini leda-leda, don jiki ya ciro ƙarfen da ya tara ya ƙera sabo. Zancen kambu kuwa ka manta da shi.

Ka ba Maman 'yan biyu haƙuri a durƙushe. Ta fi ni da kai da Kocinka hankali. Da a ce hannun nan ya sauka a kanta, da ka ga abin da zan yi maka duk da gudumarka.

'Yar Gwaggo


'Yar Gwaggo,

Mun ga saƙo. Lafiya ƙalau muke, tunda ba ki tambaya ba.

Ke da bakinki kika ce ba a yi mata ɗura, yanzu kin juya kin ce tsatsa. Wanne zan kama? Ina shirin wasan da na jira duk rayuwata, ki ce in je in miƙa hannu a zuƙe min jini? Mu jini a fage muke zubar da shi, ba a leda ba. Kuma ki daina sa mahaifina a bakinki. Na yayyaga takardarki, Maman 'yan biyu ce ta tsince ta ta liƙe da gam.

Ita ce kuma ta ja ni asibiti, ta ce ko in bi ta ko ta kwashe yara. Sakamako ya fito. Likita ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya kalle ni ya ce wa ya yi maka wannan aika-aika? Ya ce 'yan dakon naki sun cika maƙil, ƙarfen da ke ajiye kuma ya ninka na mutane sau da yawa. Ya sa min wayoyi a ƙirji, ya ce zuciyar ta fara gajiya, in na hau fage tana iya tsayawa ko ba a taɓa ni ba.

Na ce masa ya bari sai bayan wasa. Turmi nawa ne duka? In na ɗauko kambun ku zuƙe ni har in bushe. Kada ki sake rubuto min wa'azi.

Guduma


Ɗan Kawu,

Ba wa'azi zan yi ba. Ka zage ni son ranka, ka yanke gaisuwa da ni, duk na yarda. Tun muna yara kake dukan duk wanda ya taɓa ni, yau ni nake roƙonka ka bar wannan faɗan ya wuce ka. Tsoro nake ji, Ɗan Kawu, ko barci ba na iya yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba na son kambu, so nake ka zauna a raye.

'Yar Gwaggo


Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Kada rubutun ya ba ki mamaki, Maman 'yan biyu ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa daga kan gadon asibiti. Hannuna na dama yana cikin filasta. Tana gaishe ki, ta ce kuma in na yi ƙarya ba za ta rubuta ba.

Ba takardarki ce kaɗai ta karya ni ba. Ranar da ta iso na hau matakalar gidanmu da buhun shinkafa, ban kai ƙarshe ba zuciyar ta sake kama fizgarta. Na zauna a kan mataki ina haki kamar tsoho. Na ce wanda matakala ta kayar, shi ne zai tsaya gaban mai kambu?

Washegari da safe na je ɗakin horo. Na ɓalle takardarki ta farko daga bango, na tara yara kamar yadda Koci ya tara su, na karanta musu ta biyun, mai gam ɗin. Sannan na ɗauko kwalin alluran daga kabad na maka shi da ƙasa, baƙin ruwan ya malale har ƙarƙashin buhun naushi. Na ce ni na fasa wasa, ku kuma kowa ya je a auna shi. Koci ya shaƙe min wuyan riga yana kumfar baki, ya ce matsoraci, mace ta rubuto maka takarda ka ajiye safar dambe. Ya tofa min yawu a fuska. Na share na fita, yara da dama suka biyo ni.

Koci bai haƙura ba. An ɗibar min ledar jini ta farko, ina dawowa da yamma ta lungun bayan kasuwa, sai ga yaransa su huɗu. Ɗaya cikinsu ni na koya masa yadda ake tsayuwa. Na gaba ya sauke min bututun ƙarfe a kafaɗa. Wallahi na ga muƙamuƙinsa a buɗe, 'Yar Gwaggo, a buɗe ba kariya kamar ƙofar gida. Hannuna ya tashi da kansa. A daidai nan zuciyar ta buga wani irin bugu, na tuna likita ya ce tana iya tsayawa ko ba a taɓa ni ba. Sai na sauke hannun, na kwanta a ƙasa na dunƙule, na rufe ƙirjina.

Sun yi yadda suke so. Takalmi a baya, takalmi a ciki, bututu a hannu har na ji ƙashin ya ce ƙas. Suka fasa min kai, suka sake buɗe girar nan. Ina jin ɗaya yana cewa tashi mana, Guduma, tashi ka rama, har muryarsa na rawa. Ban tashi ba. Masu shaguna ne suka kore su, suka ɗauko ni a baro jini na ɗiga a hanya.

An yi min ɗinki a kai, haƙarƙari uku sun karye, idon hagu kuma likita ya ce kada in sa rai da yawa. 'Yan sanda sun rufe ɗakin horon, Koci yana hannunsu. Da likitan jinin ya zo duba ni ya ga zanen gado, sai ya ce to, wannan watan an hutar da shi, yaran Koci sun ɗibar masa fiye da leda. Na yi dariya har haƙarƙarin ya sa ni kuka. Ya ce da na warware za mu ci gaba, kuma abin zai ɗauki lokaci mai tsawo. Ya ce zuciyar tana iya farfaɗowa in an kwashe ƙarfen, amma ni da fage har abada.

An yi wasan da wani a madadina, a rediyon majinyacin da ke kusa da ni na ji. Na juya fuska bango. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci na, tunda nake ban taɓa kwanciya a ƙasa da gangan ba. Maman 'yan biyu ta ce in ce miki kuka nake yi, ni na ce idon ne ke ruwa.

Kin ce so kike in zauna a raye. To ga ni nan. Ki nemi hutu ki zo ki ga abin da ya rage.

Naki,
Ɗan Kawu